Tambaya da Amsa: “Ta ce an zare mata waya, in turo mata kalmar sirri a daren”

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mai koyar da ɗinki ce a Gombe. Shekara biyu ke nan ƙanen mijina da ya karanta kwamfuta ya haɗa mini shafi a kan WordPress, mata suna biyan naira 4,000 a wata su shiga su kalli darasin yanka da haɗa kaya. Kowace tana da ɗakinta a ciki, inda take sa hotunan abin da ta ɗinka, wasu ma a jikinsu, da lambar waya da kwatancen gida saboda aiken kayan aiki. Daren Talata wata baƙuwar lamba ta yi mini magana a WhatsApp, wai ɗalibata ce ta Kumo wadda ta biya na shekara guda. Ta ce an zare mata waya a kasuwa, ta manta kalmar sirri, imel ɗin kuma yaron shagon waya ne ya buɗe mata, ba ta taɓa sanin kalmarsa ba. Ta turo hoton rasit na kuɗin da aka biya, ta ce in sauya mata imel in turo sabuwar kalma a daren. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waccan “Anti” take ce mini, wannan kuwa “Hajiya”. Na ce ta yi mini saƙon murya, ta ce wayar aro ce, mai ita na jira. Da na ce sai da safe, sai ta fara cewa na cinye mata kuɗi, za ta faɗa a guruf. Malam, in ita ce fa? Ina jin nauyin in wulaƙanta wadda ta biya ni. In kuma ba ita ba ce, na ba da amanar mutane. Yaya zan yi?

Mai koyar da ɗinki, Tudun Wada, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam. Malama, wannan “sai da safe” da kika ce, ki riƙe ta da kyau, don ita ce ta tsare miki ƙofa a daren nan. Darasin yanka riga ba tuwo ba ne da zai huce kafin gari ya waye. Duk wanda ya matsa sai yanzu-yanzu a kan abin da ba ya lalacewa, ko dai hankalinsa ne a tashe, ko kuwa yana tsoron ki samu lokacin yin tunani.

Labarin da ta bayar kuwa labari ne da ke faruwa kullum. Ana zare waya a kasuwa. Kuma ki tsaya a kowane shagon waya a nan Wunti ta Bauchi ki ga yadda ake buɗe wa mutane imel: mutum ya sayi waya, yaron shago ya karɓa, ya haɗa suna da wata shekara, ya sa kalmar da ta zo masa a ka, in ya tuna ya rubuta a bayan kwali, kwalin kuma ya tafi hannun yara su yi mota da shi. A abin da na gani, yawancin masu zuwa da wannan kukan gaskiya suke faɗa. Sai dai maƙaryaci ma wannan labarin zai kawo, bai rage ko wasali ba, don ya san shi ne wanda ba a musawa.

Ni an taɓa yi mini, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Lokacin ina kula da wani ƙaramin shafi na darasin JAMB a nan Bauchi. Wata rana dab da magariba, ba wuta, ina tsugune ina fama da igiyar janareta, sai waya ta shigo. Muryar dattijo ce, da cikakkiyar sallama da tambayar iyali da gajiya. Ya ce shi ne mahaifin wane, ya faɗi sunan yaron har da na kakansa, ya ce yaron ya kasa shiga karatunsa ga jarrabawa ta matso, shi kuma yana tasha zai hau motar Azare. Ya ce, “Ɗana, taimaka mini, kada kuɗina ya tafi a banza.” To wa zai ce wa uba kawo shaida? Na goge baƙin mai a wando, na buɗe kwamfuta da ragowar caji, na sa sabuwar kalma, na karanta masa harafi-harafi, har ina maimaitawa don kada tsoho ya yi kuskure. Ya sa mini albarka. Bayan kwana biyu sai ga yaron da kansa a ƙofar shago, ido ya yi ja. Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare. Wanda ya kira wani ne a layinsu da ya iya kwaikwayon muryar tsofaffi, ya sayar wa yara huɗu kalmar a kan ɗari biyar-biyar. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma har yau in na tuna yadda na ce “amin, Baba”, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta kunyata ya bi ya shigo, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, kunyar marar kunya asara ce.

Kada ki ɗauka ƙananan mutane irinmu kaɗai ake yi wa haka. A watan Agustan 2012 wani ɗan jarida a Amurka, Mat Honan na mujallar Wired, ya rasa abin da ke cikin wayarsa da kwamfutarsa a yini guda, kuma waɗanda suka yi masa ba su sha wahalar canko wata kalmar sirri ba. Sun kira ma'aikatan Amazon a waya, suka yi musu dabara har suka ga lambobi huɗu na ƙarshen katin bankinsa. Sannan suka kira Apple, suka karanta lambobin nan huɗu da adireshin gidansa, aka ba su kalmar wucin gadi. Daga nan suka goge masa iPhone da iPad da MacBook, har da hotunan ’yarsa tun tana jaririya. Duk wannan don su ƙwace sunansa na Twitter mai haruffa uku. Abin da ya sa na kawo miki labarin shi ne, lambobin da kamfani ɗaya ya ɗauka ba sirri ba ne yake nunawa a fili, su ɗayan ya karɓa a matsayin shaida. To, rasit ɗin da aka turo miki ɗan uwan lambobin nan huɗu ne.

Ki lissafa mutum nawa suka ga rasit ɗin. Ɗalibai da yawa a guruf suke jefa shi su ce “Anti na biya”. In ta wurin mai POS aka tura, yana da shi, da duk wanda ya tsinci takardar a ƙasa. In mijinta ko ƙanenta ne ya tura, yana nan cikin wayarsa. Ga kuma masu gyara hoto, irin waɗanda suka daɗe suna cutar ’yan kasuwa da alat na bogi. Rasit iyakarsa ya ce an biya kuɗi. Bai san wanda ya riƙe shi yau ba.

Na san abin da zai zo miki a rai na gaba: ta turo hoton katin NIN. Kada ki nema. Kwafin katin nan na zube a shagunan fotokwafi da cikin wayoyin dangi, kuma in kika fara tara katunan mutane a wayarki, kin ɗauko kayan da ba ki da wurin ajiyewa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ɗora wa duk mai sana'ar da ke riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, har ta ce in suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Ba bankuna kaɗai take nufi ba. Tambayoyin nan na “mene ne sunan mahaifiyarki” ko “a ina aka haife ki” su ma ki bar su. Ko a Amurka hukumar NIST, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta ce a daina dogaro da su tun 2017, balle mu da unguwa guda ta san sunan kakar kowa da ranar da aka yi sunanta.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ba ki yi ba: wa zai so ɗakin ɗalibar ɗinki? Mai sauƙin ciki shi ne wanda ke son kallo kyauta, ko ya kwashe bidiyonki ya sayar a Telegram. Wanda ya fi hana ni sukuni yana cikin wasiƙarki: hotunan mata sanye da abin da suka ɗinka, da lambar waya, da kwatancen gida. Tsohon miji na iya so. Saurayin da aka ƙi na iya so, haka kishiya, haka ƙawar da aka ɓata da ita. Da ɗan gari akan ci gari, kuma na kusa shi ne ya san ta biya na shekara, ya san tana Kumo, ya san rasit. Batun “Anti” da “Hajiya” alama ce mai kyau da kika lura da ita, sai dai ita kaɗai ba ta isa ba, don in wayar aro ce wataƙila mai wayar ke rubutawa. Ƙin yin magana da murya ya fi nauyi a wurina. Mai aron waya da ya ba ta damar rubuta doguwar barazana ba zai hana ta daƙiƙa goma na sallama ba.

Yanzu abin yi. Ki amsa sau ɗaya, da ladabi, ba gardama, kuma kada ki saki komai daga naki ɓangaren. Kada ki ce “imel ɗin nan mai farawa da kaza ne ko?” don kin ba ta rabin amsa ke nan. Wani abu kamar haka ya isa: “Sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri. Kuɗinki na nan ba abin da zai taɓa shi, kuma duk kwanan da kika rasa zan ƙara miki. Sai dai ƙa'idarmu ce ga kowa, ba ma sauya imel sai mun ga mai ɗakin. Ki faɗa mini lokacin da zan kira ki ta bidiyo.” Alkawarin ƙarin kwanakin nan shi ke kashe maganar “kin cinye mini kuɗi”. Mai gaskiya ba ta da sauran asara, sai haƙurin kwana biyu.

Daga nan ke za ki nemi mai ɗakin, ta hanyar da ke cikin rajistarki tun kafin wannan dare. Ki kira tsohuwar lambar. In ta ɗauka da muryarta tana ce miki “Anti lafiya?”, magana ta ƙare. In a kashe take, ki tura saƙo can da kuma tsohon imel cewa an nemi a sauya ɗakinta, in ba ita ba ce ta yi magana. Ita kuma mai baƙuwar lamba ki ce ta je ofishin kamfanin layinta da NIN ɗinta ta yi walkam bak. Tun da aka fara haɗa layuka da NIN a ƙarshen 2020, mai layi ake maido wa layinsa. Wannan shawarar ma taimako ce gare ta in gaskiya ta faɗa, don ɓarayin waya ba wayar kaɗai suke so ba, da sim ɗin suke bi su kwashe kuɗin banki. Ta toshe layin da asusun bankin tun kafin ta damu da darasin ɗinki. Sai dai lamba ma ba a rantsuwa da ita. Layin da ya daɗe a kashe kamfani kan sake sayar wa wani, shi ya sa nake ta nanata murya da fuska.

Kuma a nan kina da abin da Apple ba shi da shi: kin san ɗalibanki. Mace ce da mace, kiran bidiyo na minti ɗaya ba abin kunya ba ne. In ba ki taɓa ganin fuskarta ba, ki tambaye ta abin da ke tsakaninku kaɗai, kamar wane ɗinki kika ce ta warware ta sake, ko me ya samu hannun rigar da ta turo kwanaki. Kumo kuma ba bayan duniya ba ce. Da wuya a ce ba ki da wata ɗaliba a can da za ta leƙa gidan ta gaishe ta. In da asusunta na banki ta biya tun farko, akwai wata ƙaramar jarrabawa: ta turo naira 100 daga wannan asusun, ke kuma ki duba sunan a cikin manhajar bankinki, ba a hoton da za ta turo ba, sannan ki mayar mata. In ta wurin mai POS ta biya, wannan ba za ta yi aiki ba, sunansa za ki gani.

In komai ya daidaita, har yanzu kada ki rubuta kalmar sirri ki tura a WhatsApp kamar yadda na yi wa Baban bogi. Ki sauya imel ɗin zuwa wanda ta buɗe da hannunta, ki sa shafin ya aika mata linkin sake kalma, ta zaɓa da kanta. A WordPress linkin nan yana mutuwa bayan awa 24. Ki ce wa ƙanen mijinki ya nuna miki maɓallin da ke fitar da ɗakin daga duk wayar da aka taɓa shiga da shi, don wayar da aka sace na iya kasancewa a buɗe. Sannan ki tambaye shi abu ɗaya: shin yana iya ganin kalmomin sirrin ɗalibai a rubuce? Amsar da ta dace ita ce a'a. Shafin kirki niƙa kalmar yake yi kafin ya ajiye, kamar an kai gero inji. Ana iya gwada gari da gari a ga ko iri ɗaya ne, amma ba mai mayar da gari tsaba. In ya ce yana gani, to gyaran wannan ya riga komai.

Ki samu littafi mai layi, irin na ’yan makaranta, ki riƙa rubuta rana da lambar da ta nema da abin da kika duba da abin da kika yanke. Ranar da aka zo da rigima shi zai yi miki magana. Sababbin ɗalibai kuma ki riƙa karɓar lamba ta biyu tun a rajista, ta uwa ko ta ’yar uwa, da sunan da zai fito a alat in sun biya. Kwatancen gida kuwa, da ni ne da na cire shi daga shafin gaba ɗaya, a riƙa tambaya ranar aike kawai.

Batun za ta faɗa a guruf: ki riga ta. Ki rubuta ƙa'idar a can yau, ba sunan kowa, cewa duk wadda ta rasa waya da imel za a kira ta ta bidiyo, a jira kwana biyu, a ƙara mata kwanakinta. Matan da hotunansu ke ciki su za su fara ce miki Allah Ya saka.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ina da shafin koyar da tajwidi na kuɗi. Wani magidanci ya kira ni ya ce matarsa ce ke karatu a wurina, amma shi ke biya daga asusunsa, in ba shi kalmar sirrinta. Na duba, sunansa ne kuwa a alat. Ina da hujjar hana shi?

Wani malami, Yelwa, Bauchi

AMSA

Allah Ya gafarta Malam, kana da ita. Kuɗin nasa ne, ɗakin na wadda ta yi rajista ne. In ya ce ya fasa biya, wannan haƙƙinsa ne, ka tsayar. In ya nemi shaidar abin da ya biya, ka ba shi. Amma buɗe ɗakin sai da bakinta, kuma hanyar ba ta da wuya: “Alhaji, ba matsala, miƙa mata wayar mu gaisa.” In suna zaman lafiya ƙarƙashin rufi ɗaya, minti ɗaya ne. In ya fara kame-kame, ka tuna alat na watan jiya bai san an yi yaji ko an yi saki a wannan watan ba, kai kuma malamin tajwidi ne, ba alƙali ba. Ka tura linkin zuwa imel ko lambar da ta bayar da kanta, su ƙarasa maganarsu a gida.

TAMBAYA

Ni mamba ce a wani shafin karatu da nake biya. Sau uku cikin mako guda ana turo mini saƙo wai na nemi sauya kalmar sirri, ni kuwa ban nema ba. Jiya wani ya kira ya ce daga shafin yake, in karanto masa lambobi shida da aka turo don ya gyara. An yi mini kutse ne?

Wata ɗaliba, Pantami, Gombe

AMSA

Ƙanwata, in ba ki karanta masa ba, ba a shiga ba tukuna, ƙwanƙwasawa ake yi. Duk wanda ya san imel ɗinki ko lambarki zai iya rubuta shi a wurin “na manta kalmar sirri”, saƙo ya zo miki. Abin da ya rage masa shi ne lambobin nan shida, shi ya sa ya kira. Mai shafi na gaskiya ba ya bukatarsu, da nasa makullin yake shiga. Da wannan dabarar ake ƙwace WhatsApp ɗin mutane a guruf-guruf, a ce za a sa ki a wani taro sai kin karanto lamba.

Kada ki taɓa linkin da ke cikin saƙonnin. Ki rubuta adireshin shafin da hannunki, ki shiga, ki sauya kalmar zuwa wadda ba ki amfani da ita a ko'ina. In iri ɗaya ce da ta imel ɗinki, ki fara da imel ɗin, don shi ne uwar ɗaki. Ki kunna matakin tsaro na biyu a Gmail da WhatsApp. Sannan ki tura wa mai shafin hoton saƙonnin uku da lambar da ta kira ki, ta hanyar da kuka saba magana, ki ce kada ya sauya komai a ɗakinki sai ya ji muryarki. Wanda ya kasa da ke jiya, wurinsa zai nufa gobe ya ce an zare masa waya a kasuwa.